Wai da gaske tauraron arewa ya daɗe da mutuwa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani bidiyo ne yake ta yawo, ana cewa tauraron arewa, wanda matafiya ke bi da dare, ya daɗe da mutuwa, wai ragowar haskensa ne kawai ke zuwa mana. Har mai bidiyon ya ce shi ne tauraron da ya fi kowanne tsufa, shi ya sa ba ya motsi. Masu ilimin abin, gaskiya ne ko irin maganar 'yan neman mabiya ce?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam. Wai mai hasken nan sosai da ke fitowa ta yamma da magariba?

Ɗan Agadas: A'a Maman Ilham, waccan Zara ce, kuma ita ce dai Gamzaki idan ta koma fitowa ta gabas da asuba. Tauraron arewa bai kama ƙafarta a haske ba. In ba a nuna miki shi ba, sai ki wuce shi ba ki sani ba. Abin da ya ba shi daraja shi ne zama wuri ɗaya. Sauran taurari su fito su faɗi, shi yana nan inda kika bar shi tun isha'i har asuba.

Ticha Mai Fiziks: Ɗan Fagge, mai bidiyon ya haɗa magana uku ne, ɗaya tana da ƙamshin gaskiya, biyu kuwa babu su.

Mai ƙamshin gaskiyar ita ce hasken da muke gani tsoho ne. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi tsakanin shekara 430 zuwa 450 a hanya kafin ya iso mana daga wannan tauraro, wanda masana ke kira Polaris. Ke nan hasken da zai shiga idonka yau da dare ya baro can tun zamanin Mai Idris Aloma na Borno, wajen lokacin da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591. Jihadin Shehu na 1804 ya sami hasken nan ne yana tsakiyar hanya.

To amma tsufan haske daban, mutuwar tauraro daban. Shekara 450 ba komai ba ce a rayuwar tauraro. Wannan kuwa sauran kwanansa da miliyoyin shekaru ake ƙirga su, kuma ba ya cikin irin taurarin da ke fashewa farat ɗaya. Yana nan da ransa.

Batun tsufa kuma, a nan ne mai bidiyon ya yi baya da gaskiya gaba ɗaya. Ƙiyasin masana ya sa shekarunsa tsakanin miliyan 45 zuwa 70. Ranarmu tana da shekara biliyan 4.6. In ka ɗauki ƙiyasi mafi yawa ma, rana ta ninka shi a shekaru fiye da sau 60.

Baban Khalifa: Ticha, da girmamawa, ni a nan nake rabuwa da ku. Wa ya je can ya ga takardar haihuwarsa? Mutum bai san ranar da kakansa ya zo duniya ba, amma ya zauna a ofis ya ce tauraro shekara miliyan 70. Kuma kai da bakinka ka ce 45 zuwa 70. Tazarar miliyan 25 fa ke nan. Wannan lissafi ne ko canki-canki?

Direban Tirela: Baban Khalifa ya faɗi abin da ke raina wallahi.

Ticha Mai Fiziks: Tambayarka a kan hanya take, Yaya. Babu wanda ya je, amma akwai abin da ake aunawa daga nan.

Tauraron arewa ba shi kaɗai ba ne, su uku ne. Ido yana ganin ɗigo ɗaya, amma tun 1779 William Herschel ya hango na biyu a gefensa da madubin hangen nesa. Na ukun ya manne wa babban sosai, sai a 2006 aka sanar cewa na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ta ɗauki hotonsa daban. Wannan ƙaramin yana kewaya babban sau ɗaya a kusan shekara 30. Idan ka san faɗin kewayen da tsawon lokacin da yake ɗauka, lissafin da Newton ya bari zai ba ka nauyin abin da ake kewayawa. Da irin lissafin ne ake ɗora tauraron ɗan'adam a sama, wanda ke kawo maka tashoshi a dish ɗinka, kuma ba ya kuskure. Sakamakon da aka fitar a 2024 ya ce nauyin babban ya kai ninki 5 na rana, faɗinsa kuma ninki 46.

Da zarar an san nauyi, an kama bakin zaren. Kowane tauraro da haidirojin yake rayuwa, yana matse shi a cikinsa ya koma hiliyam, daga nan zafi da haske ke fitowa. Mai nauyi yana da abin ƙonawa da yawa, amma nauyin nasa yana danne cikinsa, zafi ya ƙaru, sai ya ci abin da ke gare shi da gaggawa. Tauraro mai ninki 5 na rana yana da man da ya ninka nata sau 5, amma a ƙuruciyarsa yana kashe shi da saurin da ya ninka nata wajen sau 500. Raba 5 da 500, ka sami ɗaya bisa ɗari. An ƙiyasta wa rana shekara biliyan 10, ɗaya bisa ɗarinta miliyan 100 ke nan. Iyakar abin da irinsa ke samu ke nan, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura.

Tazarar miliyan 25 da ka ambata gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Amma duba inda gardamar take: tsakanin 45 da 70 ake ja. Babu wanda ya kai shi biliyan ɗaya, balle a ce ya fi kowa tsufa.

Baban Khalifa: Lissafin ya shiga, amma ban sallama duka ba. Ci gaba dai.

Maman Ilham: Ni abin da ya ɗaure min kai, Ticha, ka ce yaro ne a kan rana, kuma lissafinka ya nuna ya ci wajen rabin kwanansa ko fiye. To yaro ne ko tsoho?

Ticha Mai Fiziks: Duka biyun, Hajiya. A ƙidayar shekaru yaro ne, a jikinsa kuwa tsufa ya riga ya kama shi. Da farko ƙarami ne a kan yadda yake yanzu, mai zafi ƙwarai, fari mai ratsin shuɗi. Da haidirojin ɗin tsakiyarsa ya ƙare sai ya kumbura, bayansa ya huce zuwa wajen digiri 6,000, kusan daidai da na rana, shi ya sa launinsa ya koma fari mai ɗan rawaya. Hasken da yake fitarwa ya ninka na rana fiye da sau 1,000. Nisa ne ya mai da shi ɗan ɗigo.

Akwai ma alamar da ta fi wannan. Yana kumbura yana motsewa duk bayan kusan kwana 4, haskensa ya ɗan ƙaru ya ɗan ragu. Ido ba ya kamawa, sai na'ura. Ejnar Hertzsprung ne ya tabbatar da hakan a 1911. Kuma da aka tara ma'aunin fiye da shekara ɗari, an ga tsawon wannan bugun ya yi ta ƙaruwa da kusan daƙiƙa 4 da rabi kowace shekara a tsawon wannan lokaci. Yawancin taurari sai a yi zamani bayan zamani ba a ga sun sauya ba. Shi kuwa ana riƙe da agogo ana kallon tsufansa.

Almajirin Zariya: Allah Ya saka wa Ticha da alheri. Ina so in ɗan sa baki saboda na ga wasu a gefe suna cewa wannan shiga gaibu ne. Malamanmu sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na masu duba, da ke cewa tauraro kaza ya fito don haka wane zai yi arziki ko zai mutu, wannan shi ne abin ƙi. Akwai kuma na sanin hanya da lokaci da alƙibla, wanda Alƙur'ani da kansa ya ambata a Suratun Nahli aya ta 16 da Suratul An'am aya ta 97, cewa da taurari ake shiryuwa a duhun tudu da teku. Littattafan fiƙihu sun daɗe suna ambaton wannan tauraro da sunan Jadyu a babin neman alƙibla. Shekarunsa kuwa ƙiyasi ne na masu bincike, su ma ba su ce wahayi ba ne. Kuma ai mu ba mu taɓa cewa wani tauraro zai dawwama ba.

Baban Khalifa: Malam, ni ban ce haramun ba ne. Cewa na yi a riƙa faɗin "ƙiyasi" kamar yadda ka faɗa yanzu, kada a riƙa yanka mana lamba kamar an gani da ido.

Ɗan Agadas: Ku bar ni in kawo na ƙasa, tunda kun hau sama da yawa. Kakanmu ya yi ayarin gishiri daga nan zuwa Fachi da Bilma. Hanyar gabas take yi, ta cikin Tenere, inda ba dutse ba itace. Abin da ya gaya mana shi ne a tafiya tauraron yana kafaɗar hagu, a dawowa yana ta dama. Amma madugu ba da shi kaɗai yake aiki ba. Yana karanta yadda iska ta kwantar da rairayi, yana duba inuwa da rana, yana lura da taurarin da ke fitowa ta gabas. Buzaye suna kallon taurari bakwai ɗin nan da ke kewaya shi a matsayin raƙuma. Masu bidiyo suna yi kamar da ka ga tauraron shi ke nan ka isa Bilma. Arewa kawai yake nuna maka, ba ya gaya maka inda rijiya take.

Na Zangon Kumasi: Ni fa tun da nake ban taɓa ganinsa ba. Anya ana ganinsa a Ghana?

Ticha Mai Fiziks: Ana gani a lissafi, a aikace da wuya. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita. Kumasi ba ta cika digiri 7 ba, don haka yana can ƙasa-ƙasa, bishiya ko bene ko hazo sun isa su rufe shi. A Kano digiri 12 ne, a Agadas 17, a Makka 21, a Landan ya haura 51. Wanda ya tsallaka ikwaita zuwa kudu ya rabu da shi ke nan. Wannan ne ma babban amfaninsa ga matuƙan jiragen ruwa. Larabawan tekun Indiya, irin su Ahmad bin Majid a ƙarni na 15, da yatsu suke ƙirga tsayinsa, su san ko sun kai daidai tashar da suke nema.

Direban Tirela: To yaya zan gane shi? Ni kullum ina hanya da dare.

Ɗan Agadas: Ka nemi taurari bakwai ɗin, huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun yi jela. Biyun da ke can ƙarshe, nesa da jelar, ka ja layi ta kansu ka ninka tazararsu sau biyar, za ka faɗa a kansa. Daga Maris zuwa Yuni suna sama da farkon dare. Da sanyi kuwa sai dare ya raba suke fitowa, ka fi samunsu da asuba. In kana wajen Kano ka miƙa hannu ka dunƙule, tsayinsa daga ƙasa ya ɗan fi dunƙule ɗaya. Amma ka faka tukuna, kada ka nema kana tuƙi.

Direban Tirela: Hahaha, na ji Alhaji.

Almajirin Zariya: Ƙarin fa'ida ga matafiya: a Kano da kewaye alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa. In ka sa tauraron a kafaɗarka ta hagu ka fuskanci gabas sak, sai ka ɗan karkata hagu.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Saura ɗaya ba a amsa min ba. In ba tsufa ba ne, me ya hana shi motsi?

Ticha Mai Fiziks: Ba halinsa ba ne, wurin zamansa ne. Fitowa da faɗuwar taurari juyawar duniya ce. Duniya tana juyawa a kan wani layi da ya ratsa ta daga kudu zuwa arewa, kuma a zamaninmu kan layin nan ya saitu da wannan tauraro. Saitin ma bai cika ba, akwai gibin da bai kai digiri ɗaya ba, don haka yana ɗan zana ƙaramin da'ira kowane dare. In ka kafa kyamara ta kwana a buɗe za ka gani.

Kuma saitin ba na dindindin ba ne. Duk wanda ya yi wasan katantanwa ya san tana juyawa da sauri, kanta kuma yana yin layi a hankali. Haka duniya take, layin nata yana cika zagaye ɗaya a kusan shekara 26,000. Lokacin da Misirawa ke gina dala, wani tauraro ne mai suna Thuban ke riƙe da arewa. Wajen shekara 320 kafin haihuwar Annabi Isa, wani matuƙi Bagirke mai suna Pytheas ya ce babu tauraro a daidai wurin. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, namu yana nesa da wurin da kusan digiri 8. Zai fi kusanta jim kaɗan bayan shekara ta 2100, daga nan ya fara ja da baya. Wajen shekara ta 4000 wani mai suna Errai zai karɓa, nan da kusan shekara 12,000 kuma Vega, wanda ya fi shi haske nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake ganin tambayar "yaushe zai mutu" ba ita ta fi shafar matafiyi ba. Zai bar aikin nuna arewa cikin shekara dubu ɗaya ko biyu, alhali yana da sauran miliyoyin shekaru yana haske.

Maman Ilham: Ikon Allah. To in lokacin ya yi, yaya ƙarshensa zai kasance? Fashewa zai yi?

Ticha Mai Fiziks: A'a Hajiya. Fashewa sai tauraron da ya kai wajen ninki 8 na rana zuwa sama. Shi zai ƙone hiliyam ya koma kabon da oksijin, ya ƙara kumbura ya yi ja, sannan ya zubar da bayansa a sarari. Abin da zai rage ƙwallo ne fari mai zafi, girmansa kamar na duniya, yana hucewa a hankali. Muna ma da misali a kusa. Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, ita ce ta fi kowane tauraro haske da dare, nisanta tafiyar haske ta shekara 8.6. Tana da ƙaramin abokin zama da ido ba ya gani, nauyinsa kusan na rana, girmansa na duniya. Lissafi ya nuna asalinsa tauraro ne mai wajen ninki 5 na rana, wato sa'an tauraron arewa ne da ya riga shi gamawa.

Baban Khalifa: Ticha, na je na ɗan bincika da kaina, kuma na dawo da abin da ba ka gaya mana ba. An ce na biyun nan da Herschel ya gani, da aka yi masa irin lissafin naku, sai ya fito wajen shekara biliyan 2. Ku kuma kun ce taurarin da ke tare, tare ake haifarsu. Yaya ɗan miliyan 70 zai zama tagwai da ɗan biliyan 2? Ashe takardar haihuwar tana da gyara.

Ticha Mai Fiziks: Ka taɓo inda ke yi wa masana ƙaiƙayi, Yaya, kuma haka maganar take. An kawo amsoshi. Wasu sun ce babban asalinsa taurari biyu ne ƙanana, tsofaffi, da suka haɗe suka zama ɗaya mai nauyi, shi ya sa yake kama da sabon haihuwa. Wasu sun ce a sake duba ma'aunin, domin hasken babban yana da yawa har yana wahalar da na'urori, nisan nasa ma an yi ta ja a kai, akwai wanda ya taɓa kawo shi kusa da tafiyar haske ta shekara 320. Har matakin da yake kai ana saɓani, ko yanzu ya fara wannan bugun karo na farko, ko ya riga ya kunna hiliyam ya dawo.

Amma ka lura da abin da ko wace amsa ba ta taɓa ba. Nauyinsa daga kewayen abokinsa aka auna shi, kuma nauyin ne ke yanke sauran kwana. Ko an haife shi haka, ko haɗewa aka yi, mai ninki 5 ba zai yi biliyoyin shekaru nan gaba ba.

Baban Khalifa: In haɗewar ce gaskiya, to kayan jikinsa tsofaffi ne, mai bidiyon bai faɗi ƙasa warwas ba ke nan.

Ɗan Fagge: Ya faɗi mana, Baba. Cewa ya yi ya fi kowa tsufa. Ko an ba shi biliyan 2 ɗin, rana ta ninka shi fiye da sau biyu.

Baban Khalifa: Kai yaro, ɗazu fa kai ke tambaya, yanzu har ka zama malami.

Na Zangon Kumasi: Ku dai ku ci gaba. Ni wata mai zuwa zan je Tamale, can ya haura digiri 9. Ɗan Agadas, ka ce da sanyi sai asuba ko?

Ɗan Agadas: In taurari bakwai ɗin za ka bi, sai asuba. Da farkon dare kuwa ka nemi wasu biyar masu karkace-karkace a sama ta arewa, yana ƙasansu. Ka fita bayan gari inda ba fitilu, kuma ka yi addu'a kada hazo ya sauko.